Sanarwa ga masu aikin pipe da shmget

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Kafin zamanmu na Asabar bayan La'asar a nan Sakkwato, kowa ya duba waɗannan a kan Linux, don a waɗannan wuraren ne shirye-shiryen kwamfuta da yawa ke maƙalewa.

Kiran pipe() yana buɗe bututun da shirye-shirye ke aika wa juna saƙo ta cikinsa, ya ba da lambobi biyu na bakunansa: fd[0] na karantawa, fd[1] na rubutawa. Da zarar kun kira fork(), wanda ke mayar da shiri ɗaya ya zama biyu, wato uwa da ɗa, kowanne ya rufe bakin da ba ya amfani da shi. In an bar ko bakin rubutu ɗaya a buɗe, read() ba za ta dawo da 0 (alamar ƙarshen saƙo) ba, shirin zai yi ta jira har abada. In kuma masu karatu duk sun rufe, kanel (zuciyar Linux) zai aiko wa mai rubutu siginar SIGPIPE, wadda kan kashe shi. Bututun kan ɗauki bayit 65,536 kafin write() ta tsaya jira, kuma saƙon da bai wuce bayit 4,096 ba ne kawai ba ya cakuɗuwa da na wani.

Masu shmget(), wato kiran da ke ware ma'adanar bayanai da shirye-shirye ke amfani da ita tare, don Allah ku kula: ma'adanar ba ta gushewa don shiri ya mutu. Ku duba da ipcs -m, ku share da ipcrm ko shmctl() tare da IPC_RMID.

Allah ya kai mu.