Japanawa a Amurka: ƙiyayyar ta riga yaƙin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci kan wani tarihi da ba kasafai ake kawo shi a zaurukanmu ba. A nan Daura, idan mai sayar da kayan mota ya ce maka abu ɗan Japan ne, to ya gama yabonsa ke nan, sai ciniki. Amma mutanen da suke ƙera Toyota da Honda ɗin nan sun daɗe suna shan ƙyama a ƙasashen da suka je ci-rani, musamman Amurka, kuma masu ɗora abin kacokan kan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawai, ranar 7 ga Disamba 1941, wanda ya jefa Amurka cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sun tsallake shekaru kusan arba'in.

Japanawa sun fara kwarara zuwa tsibirin Hawai da yawa daga 1885 domin aikin gonakin rake, daga nan wasu suka ƙetara Kalifoniya. Masu gonaki sun yi maraba da su, domin dokar 1882 ta rufe ƙofa ga leburorin Sin, ana kuma neman hannu mai araha. Rigima ta taso ne da baƙon ya fara tara ɗan abin hannunsa, ya karɓi hayar fili, kayan lambunsa suka shiga kasuwa suna gogayya da na ɗan gari. A 1905, shekarar da Japan ta ci Rasha da yaƙi, aka kafa ƙungiyar korar 'yan Asiya a San Francisco, a shekarar da ta biyo baya kuma hukumar ilimin birnin ta ba da umarnin ware 'ya'yan Japanawa, waɗanda ba su kai ɗari ba, daga makarantun Turawa. Kalifoniya ta hana su mallakar gona a 1913. A 1922 Kotun Ƙoli ta gaya wa Takao Ozawa, mutumin da ya yi karatu a Amurka, yake magana da Turanci a gidansa, cewa ba zai zama ɗan ƙasa ba saboda shi ba farar fata ba ne, sannan dokar 1924 ta toshe hanyar shigowarsu gaba ɗaya. Duk wannan ya faru tun kafin Amurka da Japan su harba wa juna ko harsashi ɗaya.

Saboda haka da Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9066 ranar 19 ga Fabrairu 1942, an fake da guzuma ne ana harbin karsana. An kwashe mutum wajen 120,000, kashi biyu cikin uku haifaffun Amurka ne, aka zuba su a sansanoni goma irin su Manzanar da Tule Lake, kowa da abin da hannunsa zai iya ɗauka kawai. Manomin da aka ba 'yan kwanaki ya tattara ya tafi, ai kowa ya san yadda zai sayar da amfanin gonarsa da wanda zai saya. Jamusawa da Italiyawan Amurka ba a yi musu irin wannan kuɗin goro ba, alhali ƙasashensu ma abokan gaba ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne samarin da suka fita daga bayan wayar sansani suka shiga runduna ta 442 ta sojojin Amurka, suka yi yaƙi a Italiya da Faransa, iyayensu na tsare a gida. Kanada ma ta kwashe nata kusan 22,000.

Ba ina wanke gwamnatin Japan ba ne. Abin da sojojinta suka aikata a birnin Nanjing na ƙasar Sin a 1937 ta'asa ce, haka kisan 'yan Koriya da aka yi a Japan bayan girgizar ƙasar 1923. Sai dai mai noman latas a Kalifoniya ba shi ya aike su ba. Mu da muke bakin iyaka da Nijar bai kamata wannan ya zame mana baƙon labari ba, domin dattawanmu ba su manta korar baƙi da Ghana ta yi a 1969 ba, wadda ta rutsa da Hausawan zango, mu ma muka yi tamu a 1983, ga kuma yadda a yau ake kallon kowane mai sanda da garke a jiharmu saboda aika-aikar 'yan bindiga.

Ƙiyayyar ba ta mutu da ƙarewar yaƙi ba. A 1982, lokacin da motocin Japan suka ƙwace kasuwa, ma'aikatan kamfanonin mota na birnin Detroit na rasa aiki, wasu mutum biyu suka kashe Vincent Chin da duka, wanda asalinsa ma ɗan Sin ne, kuma ba su yi zaman kurkuku a kan kisan ba. Kwamitin da majalisar dokokin Amurka ta kafa ya kammala a 1983 cewa wariyar launi da firgicin yaƙi da gazawar shugabanni ne suka haddasa tsarewar 1942. Shugaba Reagan ya sa hannu a kan dokar neman afuwa a 1988, da diyyar dala 20,000 ga kowane wanda yake raye, amma ba a fara biya ba sai 1990, lokacin da yawancin dattawan da suka rasa gonakin sun riga mu gidan gaskiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi,
Daura, Jihar Katsina.