Kirista Ba Bakinsu Ɗaya Ba Kan Inda Rai Yake Bayan Mutuwa

Malam Edita,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Makon jiya na karanta wani rubutu a jaridarku da ke cewa mu Kirista mun ɗauka da numfashi ya yanke sai Aljanna, babu hisabi. Ina roƙon fili in gyara, domin ba haka abin yake ba.

Ni ɗan Wusasa ne, Angalika, a cocin St. Bartholomew aka yi mini baftisma, wannan ginin ƙasa da ke tsaye tun 1929. Kowace Lahadi muna furta shaidar bangaskiya, cikinta kuwa akwai cewa Yesu zai dawo ya yi wa masu rai da matattu shari'a, akwai kuma tashin jiki. A nan ba mu da gardama da Katolika ko ECWA ko Baftis. Inda muka rabu shi ne tsakanin kabari da ranar tashi.

Daminar bara muka binne mahaifiyata. Muna zaune a rumfar makoki, ruwa na ɗiga ta gefen tamfol, sai wani Alhaji, maƙwabcinmu na shekara talatin, ya matso kusa da ni ya ce, "Ɗana, a wurinku yanzu Inna tana ina?" Ba da gatse ya tambaya ba, so yake ya sani. Na ce masa tana wurin Ubangiji tana hutawa, tana jiran tashin matattu. Hujjata Luka 23, inda Yesu ya ce wa ɓarawon da aka gicciye tare da shi a ranar nan zai kasance da shi a Firdausi, da kuma labarin mai arziki da Li'azaru a Luka 16, inda kowannensu ya san halin da yake ciki tun 'yan'uwan mai arzikin suna duniya.

Ban rufe baki ba gwaggona ta karɓe zancen. Ita Katolika ce, aure ya kai ta Kafanchan. A wurinsu, wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran dattin zunubi, sai ya bi ta wurin tsarkakewa, Furgatori, kafin ya ga fuskar Allah, kuma addu'ar masu rai tana taimakonsa. Suna kafa hujja da Makabiyawa na biyu, sura 12, littafin da babu shi a Littafi Mai Tsarki da ke hannuna. Mu kuma aya ta 22 cikin ƙa'idodinmu 39 ta ƙi wannan koyarwa ƙarara. Na yi shiru dai, rumfar makoki ba wurin musu da gwaggo ba ce.

Sai ga abokin aikina ɗan Jengre, mai bin cocin Asabar, ya ce a'a, matattu barci suke yi, ba su san kome ba sai an busa ƙaho. Ya kawo Mai Hadishi 9:5.

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "To, wannan jiran naku ai barzahu ne." Na ce akwai kama, Baba, sai dai mu ba mu da tambayar Munkar da Nakir, kuma begenmu a ranar shari'a ba nauyin mizani ba ne, aikin Almasihu ne. Ya gyaɗa kai, ya yi mana ta'aziyya ya tafi sallar La'asar.

Don haka duk mai rubutu a kanmu, ya daure ya tambayi fasto, ya tambayi fada, wato limamin Katolika, kada ya tsaya ga abin da ya ji a tashar mota.

Ranar 2 ga Nuwamba, ranar da Katolika ke tuna matattu, gwaggo ta sa aka ambaci sunan Inna a Mas, wato sujadarsu ta coci. Ni ban yarda Inna tana bukatarsa ba, amma ni na biya mata kuɗin motar komawa Kafanchan.

Naku,
Mai karatu daga Wusasa, Zariya