Ciwon MS ya raba ni da aikina a Amurka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana mazauna Amurka kan ciwon jijiya da likitoci ke kira MS.

Shekara tara ina kula da tsofaffi a gidajensu a Bronx da ke birnin New York: wanka, girki, ɗaga mutum daga gado zuwa keke. Wata rana ana tsananin zafi cokali ya suɓuce mini, ƙafar dama ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. A gida aka ce sammu ne, aka aiko da rubutu. Likitan farko ya ce gajiya ce. Sai da aka kusa shekara biyu kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwata da na'urar MRI, aka ga garkuwar jikina ce ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyina.

An daɗe ana ɗaukar MS ciwon farar fata. Amma binciken da aka wallafa a 2013 kan majinyatan asibitocin Kaiser Permanente a kudancin jihar Kalifoniya ya nuna mata baƙar fata sun fi farare kamuwa. Ga shi ya fi kama mutum tsakanin shekara 20 da 40, daidai lokacin neman na kai.

Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 zuwa sama ya sassauta wa mai lalura. Ma'aikacin ofis sai a matsar masa da tebur kusa da na'urar sanyi, ko ya yi aiki daga gida. Mu fa, da ƙarfinmu ne jarinmu? Ba a ɗaga tsohuwa ta kwamfuta. Direban tasin da ya fara gani bibbiyu, wane sassauci za a yi masa?

Na roƙi kamfaninmu a ba ni gidaje masu lif da aikin safe, domin zafi na tayar mini da ciwon. Ba wanda ya ce ya kore ni. Kira ne ya yi ta raguwa, awoyi suka zube, inshorar da nake samu ta wurin aiki ta bi su. Da baki na yi roƙon, cikin jin nauyi, ban riƙe ko takarda ɗaya ba, kuma har yau abin na ci mini rai.

'Yar'uwa, in hannunki ya fara mutuwa, ki nace sai kin ga likitan jijiya. Ki rubuta buƙatarki, ki haɗa da takardar likita, ki ajiye kwafi.

Yanzu ina koyon tafinta ta waya tsakanin majinyata Hausawa da likitoci, a zaune, ga fanka a gabana.

Taku,
Mai karatu daga Bronx, New York