Na harbi macen elk a dusar ƙanƙara, ban kuma ɓoye wa Baba ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da mafarautan gida, tun da jinin abin ne a jikina. Mahaifina maharbi ne a ƙasar Alƙaleri, kuma tun ina riƙe masa gora ya kafa mini doka ɗaya: ba a harbin mace mai ciki. Yau shekarata shida ina aiki a jihar Montana ta Amurka, kuma a watan Janairun da ya wuce na taka wannan doka da izinin hukuma a aljihuna.

Elk dabba ce dangin barewa, amma girmanta ya kai na gwanki. Macen tana kai kilo 225. Namiji ne mai ƙaho, shi ne 'yan son hoto ke bi a watan Satumba da Oktoba lokacin barbara. Idan sanyi ya tsananta, ƙanƙara ta binne ciyawar kan duwatsu, sai garken su gangaro gonakin makiyaya su afka wa ingiricin da aka tara wa shanu. Shi ya sa hukumar kula da kifi da namun dajin jihar ke tsawaita lokacin farauta a wasu yankuna har zuwa 15 ga Fabrairu, a kan marasa ƙaho kawai. A wannan lokaci kuwa yawancin matan na da ciki, don a ƙarshen Mayu da Yuni suke haihuwa. Wannan ne ya hana ni barci ana gobe za mu fita.

Maƙwabcina, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga tuƙin babbar mota, shi ya kai ni wata gona kusa da White Sulphur Springs. Mun sauka daga mota tun duhu, sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, gashin bakina ya daskare da numfashina. Kowa ya ɗora rigar nan mai launin lemo da doka ta wajabta, don kada wani maharbin ya ɗauke ka nama. Ƙanƙarar ta kawo mana gwiwa, samanta ya yi ɓawo, kowane taku sai ka ji ƙaras kamar ana tauna ƙanzo. Sawu kuwa ko yaro ya karanta shi: ga inda suka tone da kofato suna neman ciyawa, ga makwancinsu, ga kashinsu bai ko daskare ba. Dattijon ya riƙa barbaɗa wata 'yar hoda yana duba iska, irin yadda Baba ke yi da toka.

Wajen hantsi muka hango su, sun fi sittin. Ya raɗa mini in bar tsohuwar da ke gaba, ita ce ta san hanya, in kuma guji wadda ɗan maraƙi ke manne da ita. Na yi rarrafe har yatsuna suka mutu, na ce Bismillahi Allahu Akbar, na saki. Na same ta da sauran rai na yanka. Kafin mu fara fiɗa sai da na yanke wata da rana a jikin takardar izinin, don dabba ɗaya aka ba ni, ta kuma ƙare ke nan. Mun cire cinyoyi da karfata da tsokar gadon baya muka ja su a kan wani faffaɗan farantin roba har kusan la'asar. Barin nama ya lalace a daji laifi ne a can. Har yanzu ina yin dambu da shi.

Da na kira Baba na faɗa masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa ya ƙirga su?" Na ce masa jirgin sama ake sawa a ƙirga garken a lokacin sanyi, daga nan a yanke nawa za a rage. Na gaya masa a farkon ƙarni na 20 elk sun kusa ƙarewa a ƙasar, yanzu ana maganar wajen miliyan ɗaya, kuma tun 1937 akwai dokar da ke karɓar harajin bindigogi da harsasai ta zuba shi a kula da namun daji, ban da kuɗin lasisi. Ya ce rabon da ya ga gwanki a wajen Yankari ya manta, alhali shi bai taɓa harbin mai ciki ba. Masu cinna wa daji wuta da rani su saki karnuka ba sa tambayar mace ko namiji.

Edita, roƙona ka tura wakilinka Yankari da Falgore ya tambayi masu kula da su yaushe rabon da a ƙirga gwanki da kanki, kuma nawa aka samu. Baba ya ce in an buga a karanta masa.

Naka,
Ɗan maharbi daga Alƙaleri, mazaunin Bozeman, Montana