Ɗana, maganar ikwalaizar nan taka

Salam ɗana, ya sabon gida ya aiki. Ƙanwarka ta nuna min hoton kayan sautin da ka haɗa a falo, sifiku dogaye da amfilifaya, ma sha Allah, guminka ne ba zan ce komai a kai ba. Ikwalaizar ce, wato na'urar da ake ƙara ko rage kowane ɓangare na sauti da ita, ta tsaya min a rai. Da na zuƙo hoton sai na ga madannan 31 da 62 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) na bes, wato sauti mai kauri, ka tura su sama, na 4,000 da 8,000 Hz na siririn sauti kuma har ƙarshe, haba ɗana.

Ka san ni ba baƙo bane a harkar nan. Duk desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) da ka ƙara, amfilifaya sai ta ninka ƙarfin da take fitarwa, in ka ƙara 10 sau goma kenan, idan ta gaza sai sautin ya fara fashewa, tiwita, ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ita ce kuma take fara ƙonewa. Bes ɗin da kake nema a kujerarka ma ba sifika ce ta hana ka ba, ɗakin ne, sautin yana bugun bango ya dawo ya kashe ɗan'uwansa a daidai wurin, ko ka tura madannan har ƙarshe giɓin bes ɗin nan ba zai cike ba, gara ka matsar da kujerar ko sifikun. Ikwalaiza da ragi aka fi cin moriyarta, inda ɗaki ya kumbura sauti, yawanci ƙasa da 300 Hz.

To amma tiwita in ta ƙone a sayi wata. Kunnenka ne yake hana ni barci wallahi. Mamanka ta ce yanzu sai ta maimaita maka magana a waya, kuma ɓarnar da ƙara mai ƙarfi take wa kunne wajen 4,000 Hz take fara nunawa, wurin da ka tura sama kenan fa. Kai kana ganin sifikun ne ba sa fitar da sauti tangaran, ni kuma gabana faɗuwa yake kar a ce kunnen ne ya fara ja baya, kana ƙara masa kana ƙara kashe shi. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar iyakar desibel 85 awa 8 a rana, duk ƙarin 3 lokacin ya ragu rabi, a 100 minti 15 ne kacal. Ƙananan gashin nan na can cikin kunne in sun mutu ba sa sake fitowa, ka dai ga kawunka yadda ake fama da shi.

Kuma kar ka ce Baba ya fara, tun kana ƙarami da nake ƙwace maka abin jin kiɗa na kunnen nan kana min kuka ai ba mugunta bace, kai ne dai baka jin magana sai abu ya faru. Ban ce ka daina jin kiɗanka ba, a wajena ka gaji son abin. Ka dai maida madannan duka tsakiya, ka rage ƙarar, in kunnen yana maka ƙugi ko fito bayan ka kashe kayan ka faɗa min gaskiya. Don Allah satin nan ka je a gwada maka jinka, ka turo min hoton takardar in gani da idona. Allah ya yi maka albarka, mamanka na gaishe ka.

Babanka