A auna ruwan da ke hannu kafin a nemi ƙari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, al'ummar duniya ta haura biliyan 8 tun Nuwamban 2022, ana kuma hasashen za ta kai kusan biliyan 9.7 a 2050. Da zarar an tayar da maganar ciyar da su, sai ka ji an ce a ƙara gina madatsun ruwa, a ƙara haƙa rijiyoyin burtsatse. Ina roƙon fili in ce ba nan gizo ke saƙar ba. Noma ne ke shan kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa, amma a wurare da yawa manomi bai san yawan abin da ya zuba a gonarsa ba, mai rabon ruwan ma bai san abin da ya sake ba.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita 1 na ruwa a kan hekta 1, lita 10,000 ke nan. Masara tana buƙatar milimita 500 zuwa 800 daga shuka zuwa girbi, wato lita miliyan 5 zuwa 8 a kowace hekta. Abin da ya ɗara haka ba shuka ce ta sha ba, ya wuce saiwa ya nutse. In gonar ba ta da magudanar fitar da rarar ruwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa zai riƙa tasowa, rana ta busar da shi, ya bar gishirinsa a sama. Kana zuwa za ka ga farin ɓawo a bakin kunya, bakin ganye ya ƙone, tsiro ya fito nan ɗaya can ɗaya. Mai gonar sai ya zaci ƙishi ne, ya ƙara ruwa.

Inda rigima ta fi tashi shi ne rabo tsakanin masu shan magudana ɗaya. A Pakistan da arewacin Indiya akwai tsarin da suke kira warabandi: awa 168 da ke cikin mako ake rabawa gwargwadon faɗin gonar kowa. In magudanar tana shayar da hekta 40, kowace hekta na da awa 4 da minti 12, kowa ya san ranarsa da lokacinsa. Tsari ne mai kyau, sai dai lokaci yake rabawa, ba ruwa ba. Kafin ruwa ya isa wajen na ƙarshen layi, ya tsiyaye a hanya, ciyawa da laka sun rage masa gudu. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin na ƙarshen ne ke fara barin noma. Gyaran shi ne a yashe magudana gaba ɗaya kafin a buɗe ruwa, a kafa sanda mai lambobi a farkonta da ƙarshenta don kowa ya ga tsayin ruwan da idonsa, a kuma ƙara wa na nesa mintoci. Sannan a samu masu yanke hukunci cikin manoman kansu, kamar kotun ruwa ta Balenshiya a Sifen, wadda ke zama duk ranar Alhamis da tsakar rana ta raba gardama nan take.

Shinkafa kuwa ba dole ta zauna cikin ruwa kullum ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta yaɗa wata hanya mai sauƙi. A samu bututun roba mai tsawon santimita 30, a huda rabinsa na ƙasa, a kafa shi a gona har zurfin santimita 15, a kwashe lakar ciki. A bar ruwa ya janye har a ga a cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona, sannan a sake ba gonar ruwa har ya hau santimita 5 a saman ƙasa. Lokacin fure kaɗai ba a wasa: ruwa ya zauna, in ba haka ba zangarniya ta fito da ƙaiƙayi. Ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba.

Ban ruwa na ɗigo-ɗigo ma yana da amfani, muddin akwai matata a bakin bututu, don yashi kaɗan ke toshe kafofin. Amma ruwan da manomi ya rage da shi ba lallai ya koma kogi ba, sau da yawa gona ake faɗaɗawa da shi. Dubi abin da faɗaɗa gonakin ban ruwa ya jawo wa tafkin Aral da ke tsakiyar Asiya, wanda ya taɓa zama na huɗu a girma a duniya. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya, waɗanda ke zuba a cikinsa, zuwa gonakin auduga, yau jiragen kamun kifi na kwance a kan rairayi. Don haka ina kira ga hukumomi su fara ƙayyade yawan abin da za a ɗiba daga kowane kogi da kowace rijiya a shekara, su bar wa na ƙasan kogi rabonsa a rubuce, kafin su sa hannu a kan sabon aikin ban ruwa.

Na gode.

Naka,
Mai karatu