Awon CEA na Baba ya sake hawa, me ya kamata mu yi?

Assalamu alaikum Lokotoro. Barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinka ce daga nan Damagaram, kuma ina neman ka haska mini hanya kan jinyar mahaifinmu. Takardunsa duka a hannuna suke, don haka ni ake kallo duk lokacin da sakamako ya fito.

Bara aka gano Baba yana da ciwon dajin babban hanji. Ya daɗe yana ganin jini a bayan gida, ana ta ba shi jiƙon basir, har ya rame. Daga baya aka yi masa aiki, aka yanke inda ƙarin yake. Da aka duba naman, aka ce ciwon ya taɓa kaluluwar da ke kusa amma bai kai hanta ko huhu ba, wato mataki na 3. Ya gama shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ya murmure, yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci.

Abin da ya hana ni barci shi ne awon jinin da ake kira CEA. Yadda aka bayyana mana, wani furotin ne da ƙwayoyin wannan ciwo ke yawan zubarwa cikin jini, kuma tun 1965 masu bincike a Kanada suka gano shi. An ce a mai lafiya ba ya cika wuce nanogiram 5 a kowace mililita ta jini. Kafin aiki na Baba ya kai 21. Bayan aiki ya sauko 3, muka yi sadaka, muka gode wa Allah. A awon watan nan kuma ya koma 7.

Tun ranar gidanmu ya rabu. Babban yayana cewa yake ruwa ba ya tsami banza, ciwon ne ya dawo, a sayar da dabbobi a kama hanyar Yamai, cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, ba tare da jiran komai ba. Lokotoro, ka san tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, ga dattijon da aka buɗe wa ciki, ga masauki, ga kuɗin skana. Kano ta fi kusa, amma ga iyaka, ga canjin kuɗi, kuma sai an sake buɗe masa takardu daga farko. Ba ƙyashin kuɗin nake ba, Allah ya sani. Tsoron da nake ji shi ne mu ƙarar da abin hannunmu a kan lamba ɗaya, ranar da ake buƙatarsa da gaske kuma a rasa.

Dalilina ke nan. Na karanta cewa CEA kan hau ko babu daji: mai shan taba, mai ciwon hanta, mai kumburin hanji, duk nasu kan ɗaga. Baba kuwa yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B tun da daɗewa. Sai dai wannan ma bai kwantar mini da hankali ba, tunda hantar ita ce wurin da dajin hanji ya fi saurin sauka idan ya bazu. To ta yaya za a bambance? Ƙari a kan haka, wannan karon a wani ɗakin awo daban aka ɗebi jinin, kuma na ji ana son a riƙa yi a wuri ɗaya saboda na'urori ba sa ba da lamba iri ɗaya. Shin mu maimaita a wurin farko bayan ƴan makonni mu ga ko hawan ya ci gaba, ko kuwa tashi daga 3 zuwa 7 ya isa a nemi skana yanzu? Idan jira ne, har yaushe jiran ke zama sakaci?

Akwai kuma wani awo da ba a taɓa yi masa ba, na wasu furotin huɗu masu gyaran kura-kuran ƙwayoyin gado: MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. A jikin naman da aka cire ake duba su. An ce idan sun ɓace, hakan na iya canza irin maganin da ya dace, kuma yana iya nuna ciwon na gado ne. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, don ƙanen Baba ya rasu da ciwon ciki mai kama da wannan tun bai kai 50 ba. Ana iya neman naman da aka adana a aika shi inda ake yin awon? Mu ƴaƴansa fa, daga wane shekaru ya kamata a leƙa hanjinmu da na'ura?

Sai maganar da ta fi yi mini nauyi. Inna ta hana a faɗa wa Baba, ta ce fargaba ce za ta kayar da shi kafin ciwon. Ni ina ganin jikinsa ne, dabbobinsa ne, kuma mutum ne mai tawakkali da ya saba yanke wa kansa shawara. Kullum sai ya tambaye ni, "Ƴata, me takardar ta ce?" Ba na so in yi masa ƙarya, ba na kuma so in saɓa wa Inna. Don Allah ka koya mini kalmomin da zan faɗa masa gaskiyar abin da wannan lamba ke nufi, ba ƙari ba ragi. Idan da hali ka amsa a shirin mako mai zuwa, zan zaunar da yayana da Inna mu saurara tare.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taka mai sauraro,
daga unguwar Birni, Damagaram